Darasin Asabar a Shagon Yakubu

Azare,
20 ga Oktoba, 2007.

Zuwa ga mahaifina, Malam Zarami,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi da biyayya, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya, kai da Inna da duk mutanen gida. Yaya ƙafar? Yaya aikin gona, an gama ɗaure gero? Mu nan lafiya ƙalau. Mijina Uzairu yana gaishe ka da kyau. Jikarka Hanan ta fara tafiya, ba ta barin komai a inda aka ajiye shi.

Baba, saƙonka ya iso ta bakin direban motar Katagum, cewa an gaya maka ana ganina ina shiga shagon intanet da ke bayan tasha, inda samari suke taruwa, kuma ranka ya ɓaci. Na so in taho da kaina, amma na san halina. In na durƙusa a gabanka bakina mutuwa yake yi. Shi ya sa na ɗauki biro.

Gaskiya aka gaya maka, ina shiga. Da sanin mijina nake zuwa, shi ne ma ya fara raka ni, kuma ya san mai shagon, wani mutumin kirki ana ce masa Yakubu. Abin da ba a gaya maka ba shi ne abin da yake kai ni.

Ka san Kemistiri nake koyar wa 'yan matan ajin ƙarshe. Ɗakin gwaje-gwajen makarantarmu kwalabe ne a jere, babu komai a cikinsu. Bara na tsaya a bakin ƙofa ranar jarrabawar gwaji, aka kawo kayan aiki na aro daga wata makaranta, na ga yarana suna kallon kayan kamar an ajiye musu maciji. Sun haddace cewa ruwa zai sauya launi in an ɗiga masa asid, amma idonsu bai taɓa ganin hakan ba. Wata ta zubar da nata tun kafin a fara, ta zauna tana kuka. Da sakamako ya fito kusan duk sun faɗi. Ni na koyar da su, Baba. Na yi kwanaki abinci ba ya shiga bakina.

A shagon Yakubu na tarar da wani zaure na malaman kimiyya. Ba zaure ba ne na gini. Mutum yana rubuta tambayarsa a kwamfuta ya aika, duk malamin da ke cikin ƙungiyar, ko a wace ƙasa yake, zai gani ya amsa. Na rubuta musu halin da muke ciki ina jin kunya. Da na koma bayan kwana biyu sai na tarar da amsoshi. Wata malama daga Kenya ta ce su ma haka suke, ta tambaye ni ko muna da furen nan ja da ake jiƙawa a sha. Na dinga karantawa ina maimaitawa kafin na gane zoɓo take nufi. Wani malami daga Indiya ya nuna mini yadda ake awon ruwa da sirinjin asibiti in babu bututun awo.

Ranar Litinin na shiga aji da ruwan zoɓo, da lemon tsami, da jiƙaƙƙiyar kanwa, da ruwan toka. Yara suka yi ta dariya, suna tambaya ko biki za a yi. Na ce wa wata yarinya mai suna Fanna, 'yar Alhaji Saleh mai hatsi, ta ɗiga kanwa a cikin zoɓon. Ja ya koma kore a gaban idonsu. Ta ɗiga lemon tsami, ya dawo ja wur. Baba, ajin ya kaure da ihu har malamin ajin kusa ya leƙo. An buga ƙararrawar tashi, babu wadda ta motsa.

Kai ka koya mini cewa malami ba ya shiga aji hannu rabbana. Ni kuwa abin da zan riƙa a shagon nan na same shi. Don haka ina roƙonka ka yi haƙuri da masu magana, amma ba zan daina zuwa ba.

A gaishe da Inna, a ce mata kukar da ta aiko ta iso. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

'Yarka mai biyayya,
Khaulat.

*

Azare,
15 ga Disamba, 2007.

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da ladabi, ina fata kowa lafiya. Na ji an ce Inna ta yi zazzaɓi, Allah ya sa kaffara ne. Mu ma lafiya, sai dai akwai labari, kuma na fi so ka ji shi daga gare ni kafin ya iso da ƙari.

Bayan wasiƙata ta farko, yaran suka matsa mini da tambayoyin da ban san amsarsu ba. Na gaji da zama 'yar aike tsakaninsu da kwamfuta, sai na ga gara su zauna a gabanta da kansu. Na roƙi Yakubu ya ware mana safiyar Asabar, mata zalla, kafin samari su fara zuwa. Ya yarda. Na bi gida gida na nemi izinin iyaye. Wasu sun ƙi, ban ja da su ba. Hajiya Meram, mahaifiyar wata ɗalibata Sadiya, ta ce ita ba ta yarda da abin da ba ta gani ba, don haka za ta riƙa zuwa. Duk Asabar tana zaune a bakin ƙofa da carbinta, namiji ko inuwarsa ba ta wucewa.

Da ka ga yaran nan, Baba. Su uku ko huɗu a kan kwamfuta guda, suna jiran hoto ya gama buɗewa kamar masu jiran tuwo ya nuna. Sun ga yadda ake gwajin da za a ba su a jarrabawa, daga farko har ƙarshe, sun mayar sun sake kallo. Kowacce na buɗe mata akwatin saƙo nata. Waɗanda ba sa buɗe baki a aji sai ga su suna rubuta tambaya mai tsawo.

To, a nan ne abin ya faru. Fanna ta rubuta tambayar lissafi a wani zauren ɗalibai da kowa yake iya shiga, ta sa cikakken sunanta. Wani mutum da ba mu sani ba ya amsa mata, amsa mai kyau. Daga nan ya fara aiko mata da saƙo ita kaɗai. Ya nemi hotonta, ya nemi lambar waya, da ta yi shiru sai ya rubuto maganganun da ba zan iya maimaita maka ba. Yarinyar nan ba ta ɓoye ba. Tun ranar farko na gaya musu duk wadda ta ga abin da bai kwanta mata ba ta kira ni, kuma haka ta yi. Muka toshe shi, muka rufe akwatin, na tara sauran na nuna musu yadda irin waɗannan suke fara lallaɓa mutum.

Yakubu ya ce a bar maganar a nan. Ni na ga bai dace ba. Amana aka ba ni. Na sa Uzairu ya raka ni wurin Alhaji Saleh, na gaya masa komai. Ya sallame mu. Washegari ya tafi makaranta, ana jin muryarsa har bakin titi.

Shugaban makarantarmu, Malam Abbas, wanda ka koyar a firamare, ya ba ni takardar tuhuma, aka kafa kwamiti. Na tsaya a gabansu. Malam Abbas ya ce na kwashi 'ya'yan mutane na kai su bakin rami. Ya tambaye ni, “Mu da muka yi karatu da alli da allo, jahilai ne?” Na ce, “A'a, Malam. Amma ku kun tarar da kwalaben a cike.” Na san bai ji daɗi ba, na ga fuskarsa. Na ƙara da cewa ramin yana nan ko na kai su ko ban kai su ba. Wayoyi masu shiga intanet sun fara zuwa kasuwar Azare, nan da 'yan shekaru suna hannun ƙannensu. Gara yarinya ta fara ganin mugu tana da babba a gefenta, da ta gan shi ita kaɗai a ɗaka. Na ce Fanna ba ta faɗa ramin ba, ta gan shi ne ta ja da baya, kuma wannan ma darasi ne.

Ba su saurara ba. Jiya takarda ta fito. An mayar da ni wata ƙaramar makaranta a ƙauye bayan Shira, zan fara bayan hutu. An kuma rubuta cewa kada in sake haɗuwa da ɗaliban makarantar nan a ko'ina. Jarrabawarsu saura 'yan watanni, kuma babu wani malamin Kemistiri da aka turo.

Ban yi kuka a gabansu ba. A gida na yi. Na tsorata da abin da ya sami Fanna. Amma da za a mayar da ni baya, zan sake kai su, kuma zan sake zuwa in gaya wa mahaifinta.

Ina neman addu'arka. A gaishe da Inna da jiki.

'Yarka,
Khaulat.

*

Shira,
7 ga Fabrairu, 2008.

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kai da Inna kuna lafiya. Wasiƙarka ta same ni a nan. Na karanta ta a tsaye, na sake karantawa a zaune.

Ka ce ka yi magana da Malam Abbas, kuma ya yarda zai sa baki a dawo da ni in na rubuta takardar ban haƙuri, na amsa cewa na yi kuskure, na yi alkawarin ba ni ba shagon intanet. Ka ce aikin gwamnati da haƙuri ake yinsa, kai ma an sha jefa ka ƙauyuka ba ka ɗaga murya ba. Ka ce in tuna ni mace ce, ina da miji da 'ya, kuma sunanka nake ɗauke da shi.

Baba, na san irin nauyin da ka ji kafin ka taka zuwa wurin yaron da ka koya wa baƙaƙe ka roƙe shi. Wannan ya fi komai yi mini ciwo. Da cewa aka yi in ba Malam Abbas haƙuri a kan yadda na mayar masa da magana a gaban mutane, da tuni na yi, don ya girme ni. Amma so ake in sa hannu a kan cewa abin da na koya wa yaran nan ɓarna ne. In na rubuta haka ƙarya na rubuta, kuma yaran za su ji. Yarinyar da ta zo ta gaya mini gaskiya za ta gane cewa gaskiyarta ce ta jawo mana wannan, gobe in ta ga wani abu sai ta yi shiru. Ba zan rubuta ba. Ka yafe mini, ban taɓa ce maka a'a ba sai yau.

Bari in gaya maka yadda muke yi yanzu, don kada ka ji a bakin wani. Ranar Juma'a da yamma nake komawa Azare. Takarda ta ce kada in haɗu da ɗalibai, kuma ban haɗu da su ba. Safiyar Asabar Hajiya Meram da wasu iyaye mata biyu suke kai 'ya'yansu shagon Yakubu. Ba makaranta ce ta kai su ba, ba ni ba ce, iyayensu ne. Ni kuma ina can wani shagon a ɗaya gefen gari, Uzairu yana waje da Hanan a kafaɗa. Ina rubutu a nan, yana fitowa a can nan take. Su tambaya, in amsa. In ba su aiki, su yi gwajin da zoɓo da sirinji a tsakar gidan Hajiya Meram da yamma, su rubuto mini abin da suka gani. In aka ɗauke wuta sai mu jira a tada janareta, in layin ya yanke sai mu sake shiga. Wata Asabar ba ma samun ko rabin abin da muka shirya. Amma muna yi.

An kai wa Malam Abbas labari, ya aika a kira Hajiya Meram. Sadiya ta rubuto mini yadda aka yi. Wai Hajiya ta ce masa, “Malam, ranar Asabar 'yata tawa ce. In ka kawo mata malami ranar Litinin, sai in huta da wannan zirga-zirgar.” Bai sake aikawa ba.

Fanna kam mahaifinta ya hana ta, kuma ban ga laifinsa ba. Yakubu yana buga darasin a takarda, Sadiya ta kai mata gida, da sanin mahaifiyarta. Tambayoyinta ma ta hannun Sadiya suke zuwa, kuma sun fi na kowa wuya.

Wani abu ya faru da na san zai ba ka dariya ko haushi. Na ba su amsar wani lissafi, sai Sadiya ta rubuto cewa ta duba wurare biyu, ba haka ba ne. Raina ya ɗan sosu, na ce a zuciyata yarinyar nan ta fara girman kai. Na aika wa zauren malamai, sai ga shi ita ce da gaskiya. Asabar ta gaba na gaya musu duka. Da a aji ne, da littafina kaɗai, da haka za su shiga jarrabawa da kuskurena a kansu.

Nan ƙauyen kuwa ba laifi. Makarantar tana gindin duwatsu, rabin yaran 'ya'yan Fulani ne da ke zaune a kewaye. Babu wuta, balle kwamfuta. Abin da na samo ranar Asabar shi nake kawo musu ranar Litinin. Wata yarinya ta zo da nono mai tsami a ƙwarya ta ce a gwada a gani ko shi ma asid ne. Muka gwada. Yanzu kullum sai an kawo mini wani abu, jiya har da ruwan tsamiya da sabulun salo.

Ina jiran amsarka, ko ta faɗa ce. A gaishe da Inna. Allah ya ja kwana.

'Yarka,
Khaulat.

*

Azare,
6 ga Satumba, 2008.

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina yi muku barka da shan ruwa, Allah ya karɓi ibada. Yaya damina? An ce kogi ya cika sosai bana, ina fata bai taɓa gonar fadama ba.

Wannan ce wasiƙa ta uku da na aiko tun watan Fabrairu ban sami amsa ba. Da na zo gida lokacin hutu ka amsa gaisuwata, ka tambayi Uzairu da Hanan, ka ɗauki buta ka fita. Inna ta ce in ƙyale ka, za ka huce. Na ƙyale, amma ina so ka sani shirunka ya fi mini sauyin wurin aiki nauyi.

Sakamakon jarrabawa ya fito. Ba zan yi maka ƙari ba. Ba duka suka ci ba. Cikin masu zuwa ranar Asabar fiye da rabi sun sami sakamako mai kyau a Kemistiri, abin da makarantar ta daɗe ba ta gani ba. Wasu sun tsallake da ƙyar. Akwai waɗanda suka faɗi, kuma na san dalili: a rubuce ba na ganin fuskar yarinya in gane ta ɓace, sai dai ta faɗa, kuma ba kowa ke faɗa ba. Waɗanda iyayensu ba su bari ba tun farko, su kam babu mai koya musu komai har ranar jarrabawa. Su ne suke hana ni murna sosai. Sadiya ta ci. Fanna, da takardun da ake kai mata gida, ta fi kowa.

Ka san yanzu ba a jiran takarda ta iso makaranta. Kati ake saya a kankare, a shiga intanet a duba. Ranar da labari ya bazu, layi ya miƙe daga ƙofar Yakubu har bakin tasha, iyaye maza da 'ya'yansu. Yakubu ya ce Alhaji Saleh da kansa ya kawo Fanna, ya tsaya a bayanta ita take dannawa, don shi bai san inda ake taɓawa ba. Da sakamakon ya fito ta karanta masa, ya sa ta sake karantawa. Bai aiko mini da komai ba, ni ma ban sa rai ba. Amma an ce ya tambayi Yakubu ko neman gurbin jami'a ma a nan ake yi, aka ce masa a nan ne, sai ya ce to a nuna mata.

Malam Abbas ya aiko a kira ni shekaranjiya. Ya karɓe ni da mutunci, ya ce iyaye suna tambaya, yana so in dawo. Sharaɗin ya ragu: ba sai na ba da haƙuri ba, in dai sa hannu cewa ba zan haɗa ɗalibai da intanet ba sai hukuma ta fito da tsari. Na tambaye shi yaushe tsarin zai fito. Ya ce bai sani ba. Na ce to ni ma ban san ranar dawowata ba. Na ba shi haƙuri a kan maganar kwalabe, don ta daɗe tana damuna, ya ce ya wuce. Muka rabu lafiya, kowa yana kan bakansa.

Zan koma Shira bayan Salla. Darasin Asabar kuma zai ci gaba da sabbin 'yan ajin ƙarshe, iyaye sun riga sun fara zuwa wurin Hajiya Meram. Na gaya maka ne don kada ka ce na ɓoye.

A sa mu a addu'a a wannan wata. A gaishe da Inna.

'Yarka,
Khaulat.

*

Shira,
17 ga Nuwamba, 2008.

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuh. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata ka koma Katagum lafiya, kuma hanya ba ta wahalar da kai ba. Uzairu yana gaisuwa, yana kuma ƙorafi wai ka shigo Azare ka fita ko ruwan gidansa ba ka sha ba.

Ashe ranar Asabar ɗin nan da nake ta rubutu a kan gishiri da yadda yake narkewa, kana zaune a shagon Yakubu a bayan yaran! Babu wanda ya gaya mini sai da aka tashi. Hajiya Meram ta ce ta tare ka a ƙofa, ta ce maza ba sa shiga, ka ce mata kai tsohon hedimasta ne ka zo duba aikin wata malama. Ta ce da ta ji sunanka kunya ta kusa kashe ta. Wai ka sa tabarau, ka ja kujera, ka sa Fanna, wadda take taimaka wa sabbin kafin jami'a ta kira ta, tana karanta maka duk abin da ya fito. Haka ka zauna har aka gama. Da na sani da hannuna bai iya rubuta ko kalma ɗaya ba.

Wasiƙarka ta iso makon jiya. Na buɗe ina neman inda ka ce ka huce, ban gani ba. Sai na ga shafi biyu na gyara, irin wanda kake yi wa malamanka a da. Baba, na zauna a kan dutse bayan aji na yi dariya har hawaye suka zubo, yara suna leƙena.

Ka ce ina sauri, ina tsallakawa zuwa sabon abu da zarar masu kaifin kai sun amsa. Gaskiya ne. Ka ce akwai wata yarinya a kwamfutar ƙarshe da ba ta taɓa madannin ba har aka tashi, ƙawayenta ne suke yi, ita tana gyaɗa kai, kuma ni daga inda nake ba ni da hanyar sani. Wannan ma gaskiya ne, kuma shi ne ciwon da na rasa maganinsa. Daga wannan makon zan riƙa kiran kowacce da sunanta, kuma dole a riƙa musayar kujera.

Amma inda ka ce bai kamata ɗaliba ta riƙa binciken maganar malaminta a gabansa ba, don yana zubar da kwarjini, a nan ban bi ka ba. Na gwada duka biyun. Na fi son yarinyar da za ta duba ta dawo ta ce mini ba haka ba ne, a kan wadda za ta haddace kuskurena don ladabi. In ka zo sai mu yi wannan musun baki da baki, yanzu ina jin zan iya.

Sai magana ta ƙarshe, wadda ka fi tsawaitawa. Ka ce rubutun yaran ya lalace, ba aya ba waƙafi, suna gutsure kalmomi, tambaya ba ta fita a tambaya, kuma abin kunya ne a aika irin wannan har Kenya da sunan Azare. Ka tambaya wa yake koya musu rubutu. Babu kowa, Baba. Ni Kemistiri na sani.

Don haka na yi magana da Hajiya Meram da Yakubu. Daga farkon wata mai zuwa, somin darasin Asabar naka ne. Ba sai ka taɓa kwamfuta ba, Fanna za ta buga duk abin da ka faɗa, kuma Yakubu ya ce zai samo allo ya jingina a bango in ka fi son alli. Uzairu ya gyara ɗakin baƙi, ya kuma yi magana da direba ya riƙa ajiye maka kujerar gaba ranar Juma'a. In makon bai yi maka ba, ka rubuto darasin, mu karanta musu.

Ban tambaye ka ko ka yarda ba, na sani. Na riga na gaya wa yaran, sun sayi littattafan rubutu. In ba za ka zo ba, kai za ka yi musu bayani.

A gaishe da Inna, a ce mata ta haɗo ka da rigar sanyi. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya bar mana kai.

'Yarka,
Khaulat.